Sai Na Nemi Lasisi Kafin In Riƙe 'Ya'yan Ƙanena?

Assalamu alaikum, Anti. Shekarata 14 ina zaune a Amurka tare da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Makonni uku da suka wuce hukumar kare yara ta jiharmu ta ɗauke 'ya'yan ƙanena su uku, yarinya mai shekara 9, yaro mai shekara 5 da jaririya 'yar wata 8, bayan da malamar makaranta ta ga shatin duka a bayan yaron, ake kuma zargin ƙanen nawa da dukan. Mahaifiyarsu tana kwance a asibiti, kuma ba a san ranar da za a sallame ta ba. Yanzu an raba yaran gida biyu, a hannun mutanen da ba mu sani ba. Da na je na ce ni goggonsu ce, a ba ni su, sai ma'aikaciyar ta ce sai an ɗauki zanen yatsun duk wani baligi da ke gidana, an duba gidan ɗaki-ɗaki, na halarci wasu darussa, sannan a ba ni lasisin riƙo. Ta ce akwai wata hanya da ta fi sauri, wato kotu ta damƙa mini su kai tsaye ba tare da lasisi ba, hukuma ta zare hannunta. Maigidana ya fi son ta biyun, domin gidanmu ɗaki biyu ne da falo, kuma ƙanensa da ke tuƙin tasi a falon yake kwana, an kuma taɓa kama shi kan faɗa shekarun baya. Shawarar maigidan nawa ita ce kada ma mu ambaci ƙanen nasa. Mahaifiyarmu kuwa kullum sai ta bugo waya daga Kano tana kuka, wai in karɓo su in sa su a jirgi in kawo mata. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ce sai na nemi izinin bare kafin in riƙe jinina, alhali ni kaina goggona ce ta riƙe ni tun ina shekara 4 ba tare da takardar kowa ba. Ina mafita?

Daga Goggon yara

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba matar ƙanenki lafiya, ya kuma haɗa yaran nan uku a gida ɗaya ba da jimawa ba. Shawarata ita ce ki nemi lasisin, ki faɗi gaskiya game da ƙanen maigidanki tun a zaman farko, kuma ki fara yau, domin kowane mako da ya wuce jaririyar nan tana ƙara sabawa da hannun da ba naki ba, kuma alƙalai suna la'akari da wannan sabo idan aka zo maganar ɗauke yaro daga inda ya zauna.

Ɓacin ranki na fahimce shi, amma ina so ki sake duban riƙon da goggonki ta yi miki. Gaskiya ne babu wanda ya nemi takarda a wurinta, sai dai ba a ba ta ke a makance ba. Mahaifinki ya san halinta tun suna yara, kakarku ta san irin mijin da take aure, maƙwabta suna ganin ko an yi miki kitso ko ba a yi ba, kuma da labari ya kai gida cewa kina rama, da a ranar za a aiko a ɗauke ki. Wannan ma bincike ne, kawai dai idanun dangi da na unguwa ne suke yin sa. Inda waɗannan idanu suka yi barci kuwa, dukanmu mun san abin da ya sami wasu 'yan riƙon: yarinyar da aka kawo da sunan karatu ta ƙare a talla da wanke-wanke, tana cin ragowar abin da 'ya'yan gida suka bari. Malamanmu na Malikiyya ma, da suka jera waɗanda suka fi cancantar renon yaro idan uwa ta kasa, sun ɗora sharuɗɗa a kan jini: sai mai renon ya kasance mai hankali, mai amana, mai ikon ɗawainiyar yaron, kuma wurin zamansa amintacce ne. Ma'aikaciyar da ke gabanki ba ta san ki ba, ba ta san unguwar da kika fito ba, kuma abu ɗaya da ke rubuce a takardun da ke hannunta shi ne cewa mutumin da ya fi kowa kusancin jini da yaron nan, wato mahaifinsa, shi ake zargi da shatin da ke bayansa. Idan kika ce mata "jinina ne", a kunnenta ba ki kawo hujja ba tukuna.

Duk da haka, dokar ƙasar tana tare da ke fiye da yadda kike zato. Tun 1996 dokar tarayya ta umarci jihohi su duba fifita ɗan'uwa baligi a kan bare wajen ajiye yaro, matuƙar ɗan'uwan ya cika ƙa'idojin kare yara na jihar. Wata dokar ta 2008 ta ƙara da cewa dole hukuma ta nemo dangi ta sanar da su cikin kwana 30 da ɗauke yaro, ta kuma bayyana musu hanyoyin da za su iya shiga cikin kula da shi. Ta wajabta a yi ƙoƙarin ajiye 'yan'uwa wuri ɗaya, idan kuma hakan bai yiwu ba a riƙa haɗa su suna ganin juna akai-akai. Kasancewar an raba yaranku gida biyu hujja ce babba a hannunki, domin ke kina cewa za ki ɗauki dukansu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran da ke hannun hukuma a Amurka a gidajen danginsu suke zaune, saboda haka abin da kike nema abu ne da ma'aikatan suka saba yi kullum. Sannan a watan Satumban 2023 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar da ta ba jihohi damar tsara wa dangi sharuɗɗan lasisi nasu na daban, masu sauƙi a kan na bare, tare da sharaɗin cewa kuɗin kula da yaro da za a ba ɗan'uwa mai lasisi ya zama daidai da wanda ake ba bare. Dama aka ba jihohi, ba a tilasta musu ba, don haka tambayarki ta farko ga ma'aikaciyar ita ce ko jiharku tana da lasisi na musamman na dangi. Tambaya ta biyu ita ce ko za a iya kawo miki yaran na wucin gadi yayin da ake kammala lasisin, domin jihohi da dama suna yin haka bayan binciken gaggawa na sunaye da leƙa gida sau ɗaya. Idan jiharku tana cikinsu, to saurin da ake kwaɗaita miki a hanya ta biyu kina iya samunsa a hanya ta farko.

Sharuɗɗan da aka lissafa miki ba nauyinsu ɗaya ba, kuma sanin bambancinsu shi zai rage miki fargaba. Akwai waɗanda suka shafi lafiya da ran yaro, waɗannan ba a sassauta wa kowa su. Akwai kuma waɗanda ba su shafi tsaro kai tsaye ba, irin su faɗin ɗaki, yawan ɗakuna, yawan kuɗin shiga ko adadin sa'o'in darasi, waɗanda dokar 2008 ta yarda a ɗauke wa dangi su bayan an duba halin kowane gida da kowane yaro. Ƙanƙantar gidanku galibi a kashi na biyu take faɗawa. Kada ki jira a ce miki gidan ya yi kaɗan sannan ki fara roƙo. Ki zauna da maigidanki ku tsara inda kowa zai kwana, ku rubuta, ki nemi sassaucin a rubuce. Za a so kowane yaro ya sami shimfiɗarsa, kuma yawancin jihohi ba sa yarda yara maza da mata su haɗa ɗaki bayan sun kai wasu shekaru, abin da addininmu ma ya riga ya koya mana game da raba makwanci. Gado mai hawa biyu yana warware abu da yawa a ƙaramin gida, kuma wasu hukumomin suna taimakawa da kuɗin sayensa idan an tambaya.

Binciken tarihin mutane yana kashi na farko, kuma a nan ne shawarar maigidanki za ta iya rushe komai. Dokar Adam Walsh ta 2006 ta wajabta a ɗauki zanen yatsun mai neman riƙo a duba shi a rumbun bayanan laifuka na ƙasa, a kuma duba sunansa da na duk wani baligi da ke gidan a rajistar cin zarafin yara ta kowace jihar da suka zauna cikin shekaru 5 da suka wuce. Jihohi kuma a nasu ɓangaren kan faɗaɗa binciken laifuka ya haɗa da dukkan manyan gidan. Laifukan da dokar tarayya ta ce suna hana lasisi har abada manya ne waɗanda kotu ta tabbatar: cin zarafin yaro ko wofintar da shi, cin zarafin abokin aure, laifi a kan yara, da laifukan ta'addi irin su fyaɗe da kisa. Babban laifin duka ko na miyagun ƙwayoyi yana hanawa ne idan an aikata laifin cikin shekaru 5 da suka gabata. Kama mutum daban, kotu ta same shi da laifi daban; ƙaramin laifi daban, babba daban. Kin ce "an taɓa kama shi kan faɗa", wanda ke nuna mini cewa ke kanki ba ki san yadda shari'ar ta ƙare ba. Ki sa shi ya je kotun da aka yi shari'ar ya karɓo takardar da ke nuna hukuncin ƙarshe. Yana yiwuwa a tarar an kori ƙarar, ko ƙaramin laifi ne da ya daɗe, wanda za a tattauna a wuce, ko da yake wasu jihohin jerin laifukansu ya fi na tarayya tsawo. Idan kuma akwai matsala a takardun zamansa a ƙasar, ya ga lauyan shige da fice kafin ya miƙa yatsunsa.

Ɓoye shi kuwa ba zai yiwu ba, kuma ina so ki faɗa wa maigidanki haka cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba. Ma'aikaciya za ta riƙa zuwa gidan aƙalla sau ɗaya a wata, wani lokaci ba tare da sanarwa ba. Za ta ga katifar da aka jingine a bayan kujera da takalman namiji manya a bakin ƙofa waɗanda ba na maigida ba. Za ta keɓe da yaro ɗan shekara 5 ta tambaye shi su wa ke kwana a gidan, shi kuwa zai ce Baba Ƙarami yana kwana a falo, yana ma ba shi alewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a ranar da aka gano, tsohon faɗan nan zai zama ƙaramin abu a kan ƙaryar da kuka yi: za a iya kwashe yaran a karo na biyu, kuma duk abin da kika faɗa wa kotu daga baya za a saurare shi da shakka. Idan bincike ya nuna zamansa a gidan zai hana lasisi, to ya nemi ɗaki a wurin abokan aikinsa, ya tashi da gaske, kayansa da adireshinsa duka. Wannan magana ce mai nauyi a tsakanin wa da ƙane, shi ya sa ya fi kyau ta fito daga bakin maigidanki. Ko ba don bincike ba ma, gida mai ɗaki biyu da zai ɗauki yara biyar yana buƙatar falon nan.

Duba gidan shi ne mafi sauƙi, amma akwai abubuwan da muka saba da su har ba ma ganinsu. Ki ɗaga kai ki dubi na'urar gano hayaƙi da ke manne a silin ɗinku. A gidajen mutanenmu da yawa a can an cire mata batir, ko an ɗaure ta da leda, saboda ihun da take yi duk lokacin da aka sa turaren wuta ko aka soya manja. Ki mayar da batirin, ki danna ki ji ƙararta, ki sa turarenki kusa da taga. Za a nemi na'urar gano iskar gas mai guba inda doka ta tanada, da abin kashe gobara a kusa da kicin, da hanyar fita da ba a toshe ta da akwatuna da buhunan kayan da ake tarawa za a aika gida ba. Magunguna su koma akwati mai makulli ko wuri mai tsawo, har da jiƙe-jiƙe da garin magani da ake aiko muku daga gida a robar da ba ta da suna. Sinadaran wanke-wanke su bar ƙarƙashin famfon kicin. Idan akwai bindiga a gidan, a kulle ta daban, harsashi daban. Jaririyar kuma dole ta sami gadonta na jarirai, a kwantar da ita a rigingine a kan katifa mai tauri, babu filo babu tarin barguna. Na san ke da ni a gefen iyayenmu mata muka kwana, kuma na san za ki ji kamar rashin tausayi ne ki bar 'yar wata 8 da aka raba da uwarta ta kwana ita kaɗai. Ki ja gadon nata ya manne da naki yadda hannunki zai kai gare ta cikin dare, amma kada ki ɗauko ta ki kwana da ita a gadonku, domin wannan yana cikin ƙa'idojin da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansu, kuma dalilinsu mutuwar jarirai ne a cikin barci.

Za a sa ki sa hannu cewa ba za ki daki yaran ba, ko da ɗan marin da muke kira gyara. Ki ɗauki wannan da gaske, ki kuma tabbatar maigidanki ya ɗauka, har ma a kan 'ya'yanku, domin yaron da aka ɗauke saboda duka idan ya ga ana ɗaga wa wani bulala a gabansa, jikinsa ba zai bambance wa ake nufi ba. Kada ki yi mamaki idan ya koma fitsarin kwance, ko ya riƙa ɓoye abinci a ƙarƙashin filo, ko yarinyar ta ƙi yarda kowa ya taɓa jaririyar sai ita. Darussan da kike gani kamar ɓata lokaci a kan irin waɗannan abubuwa suke magana, kuma ko uwar da ta yi renon goma za ta tsinci abin amfani a ciki. Ita babbar kuwa, ki sauke mata ɗawainiyar ƙannenta a hankali. Da alama ta daɗe tana yin aikin uwa a gidansu, kuma barin yara a hannun 'yar shekara 9 yana iya zama laifi a idon hukuma ko da na ɗan zuwa kanti ne.

Yanzu ga hanyar da aka ce ta fi sauri. Ba zan ce ba ta da amfani ba: babu mai ƙwanƙwasa miki ƙofa duk wata, babu neman izini kafin tafiya, kuma ga dangin da ke da wadata da yaro ɗaya babba tana iya dacewa. Amma ki lura da abin da ake nufi da hukuma ta zare hannunta. Kuɗin kula da yara na wata-wata da ake ba masu riƙo yana tafiya ne da lasisi. Tun 1979, a shari'ar Miller da Youakim, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa jihar Illinois ba ta da ikon hana dangi wannan kuɗi don kawai su dangi ne, matuƙar gidansu ya cika sharuɗɗan lasisi. Wanda ba shi da lasisi kuwa galibi abin da ya rage masa shi ne tallafin gwamnati na iyalai mabuƙata da ake kira TANF, kason yaro kaɗai, wanda a yawancin jihohi bai kama ƙafar kuɗin riƙo ba, kuma ba ya ninkuwa daidai da yawan yaran. Kada kunya ta sa ki ce ba don kuɗi kike yi ba. Kowa ya san ba don kuɗi ba ne, amma madarar gwangwani da kunzugun jarirai da kuɗin gidan reno a Amurka ba sa jin zumunci, kuma riƙon dangi da yawa a kan gajiyar aljihu yake lalacewa, har miji ya fara ƙorafi, yaran su fara jin sun zama kaya. Yaran da ke ƙarƙashin hukuma kuma kusan dukansu suna da inshorar lafiya ta gwamnati da ake kira Medicaid, wadda za ta biya likita da mai ba da shawara kan damuwa, abin da yaron nan zai buƙata.

Akwai abin da ya fi kuɗin muhimmanci. Muddin yaran suna hannun hukuma, doka ta ɗora mata ta yi aiki da iyayensu don a gyara abin da ya lalace, alƙali yana bibiya, ana gindaya wa ƙanenki sharuɗɗan da zai cika kafin a mayar masa da su. Idan aka damƙa miki su aka rufe fayil, ke kaɗai za ki tsaya tsakaninsa da 'ya'yansa, ke ce za ki yanke ranar da ya shiryu, ga kuma Hajiya a waya tana cewa ki ba shi abinsa. Sannan ki dubi gaba. Wata dokar tarayya ta 1997 ta ce a yi zaman yanke makomar yaro cikin wata 12, kuma idan ya shafe wata 15 cikin 22 na baya-bayan nan a hannun hukuma, jiha ta nemi kotu ta yanke haƙƙin iyaye a kansa; amma ɗaya daga cikin dalilan da ke ba jiha damar ƙin yin haka shi ne yaron yana hannun ɗan'uwa. Wato zamansu a wurinki kariya ce ga ƙanenki da matarsa ma. Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka kai inda ba za su koma wurin iyayen ba, jihohi da yawa suna da tsarin waliccin dangi mai tallafi, inda kotu za ta naɗa ki waliyyiyarsu, tallafin wata-wata ya ci gaba, yaran kuma su ci gaba da amsa sunan mahaifinsu. Wannan ya fi kusa da kafalar da addini ya yarda da ita a kan ɗaukar ɗa irin na Turawa, wanda ke sauya takardar haihuwa. Sharaɗin samun tallafin tarayya na wannan tsari shi ne yaron ya zauna wata 6 a jere a gidanki kina da lasisi. Wanda ya bi gajeriyar hanya tun farko, wannan ƙofa takan rufe masa, kuma sau da yawa ba a gaya masa sai ya zo nema.

Sharaɗin da zai fi ba ki wuya ba ya cikin abin da ake dubawa a silin ko a kicin. Kotu za ta tsara yadda ƙanenki zai riƙa ganin yaran, wataƙila sa'a ɗaya ko biyu a mako, a gaban mai sa ido. Wata rana da daddare, ko da safiyar Sallah, zai tsaya a ƙofarki da leda cike da kayan yara, idanunsa sun yi ja, ya ce, "Yaya, minti biyar kawai, in gan su in tafi." Yaran za su ji muryarsa daga ciki. Ke kika goya shi, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma idan umarnin kotu bai ba shi wannan ziyara ba, buɗe ƙofar nan zai iya sa a kwashe yaran, shi kuma a rubuta masa saɓa umarni, komawarsu gidansa ta ƙara nisa. Wannan ita ce ainihin tambayar da ma'aikaciyar take auna ki da ita duk lokacin da take hira da ke: shin za ki iya ce wa ɗan'uwanki a'a? Kada ki tsaya kare shi a gabanta kina cewa ai gyara ne irin na gida, ko malamar makaranta ce ta zuzuta. Duk goggon da ta musanta abin da ya faru, ana ɗaukarta a matsayin wadda ba za ta kare yaron ba. Ba a kuma neme ki ki tsine masa ba. Ya isa ki ce kina ƙaunar ƙanenki, abin da ya sami yaron bai dace ba, kuma za ki bi umarnin kotu. Ki kira shi tun kafin yaran su zo, a gaban maigidanki ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ki gaya masa cewa ƙofarki a rufe take sai a ranakun da alƙali ya sa, cewa taimakon da za ki yi masa shi ne raka shi kotu da tsaya masa ya kammala abin da aka ɗora masa. Idan kika riƙe amana na wasu watanni, kotu takan yarda ziyarar ta koma gidanki, ke ce mai sa idon.

Hajiya kuwa ki lallashe ta, amma kada ki yi mata alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Yaran suna ƙarƙashin ikon kotu, ko fita da su zuwa wata jiha galibi sai da izini, balle ƙetare, kuma wanda ya fitar da su daga ƙasar ba tare da yardar alƙali ba ya jawo wa kansa tuhumar satar yara, ya kuma raba uwa marar lafiya da 'ya'yanta. Ki ce mata suna zuwa hannunki in Allah ya yarda, za ta riƙa ganinsu ta waya duk mako, za su ci abincin gida su koma Islamiyya, kuma addu'arta ce aikin da ya rage mata. Ki roƙe ta kada ta riƙa zuga ƙanenki ya je ya ɗauko 'ya'yansa da ƙarfi.

A wannan makon ki aika wa ma'aikaciyar saƙon imel, da kwafi ga shugabarta, mai ɗauke da kwanan wata, ki ce ke goggon yaran ce, kina neman a ajiye su ukun a wurinki, kuma kina neman lasisin riƙo na dangi. Maganar baki takan ɓace idan aka sauya ma'aikaci, kuma ana yawan sauya su. Ki nemi sanin ranar zaman kotu na gaba ki je, ki gabatar da kanki ga lauyan da aka naɗa wa yaran, domin maganarsa tana da nauyi a wurin alƙali. Da zarar yaran sun zo hannunki, doka ta ba ki haƙƙin a sanar da ke zaman kotu kuma a saurare ki. Ki nemi ofishin lauyoyin da ke taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta a garinku, ki kuma tambaya ko jiharku tana da shirin jagorar dangi masu riƙo, wanda aikinsa ke nan ya nuna wa irinku hanya. Kada ki sa hannu a kan takardar karɓar yaran kai tsaye sai lauya ya karanta ya faɗa miki abin da za ki rasa, kuma duk iya Turancinki, idan harshen kotu ya yi miki nauyi ki nemi tafinta.

Kafin duk wannan ya kammala, ki nemi izinin ziyartar yaran inda suke. Ki tambaya ko za ki iya kai musu abincin da suka saba da shi, ki tafi wa yarinyar da hijabinta da man kitso. Ki gaisa da matan da ke riƙe da su cikin mutunci, ki tambayi wadda jaririyar ke hannunta wace irin madara take sha da ƙarfe nawa take barci, ki rubuta, ki sayi irin madarar ki ajiye a gida.